Baiwar Allah

"Yarinyar da aka tsinta a bakin rijiya? Sai dai bayan raina, Sabitu!"

Haka Baffa, mahaifina, ya yanke da na ce masa Huraira nake so in aura. Ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan Iya Gambo, tsohuwar da ta reni Huraira tun tana jaririya, don ya ja mata kunne. Na bi bayansa zuciyata na tafasa. Asali abin tambaya ne, na sani. Amma laifin me jaririya ta yi da aka yar da ita a bakin rijiya?

Mun iske Huraira tana sheƙar gero. 'Yan tsuntsayen nan da ake kira baiwar Allah sun kewaye ƙafafunta suna tsintar tsaba, mazan jajaye, matan ruwan ƙasa. Tana ganinmu ta shige ɗaki.

"Haladu sarkin zafi!" in ji Iya. "Zauna, ka zo min gida kamar mai kashe gobara."

"Ba zama ya kawo ni ba, Gambo."

"To ɗaga kai ka dubi jinkar nan. Ga sheƙar baiwar Allah can da 'ya'ya. Ɗaya ba nata ba ne, baƙin tsuntsun nan mai sheƙi ne matarsa ta ajiye ƙwai ta gudu. Nuna min baren."

Baffa ya leƙa. Duk sun wangale baki iri ɗaya.

"In ya girma ai baƙi zai zama," ya ce.

"Zai zama. Amma kukan wadda ta ciyar da shi zai yi har ya mutu."

"Tsuntsu daban, mutum daban!"

Sai ga Huraira da kwanon ruwa. Ta durƙusa gabansa.

"Baffa, ka yi haƙuri... Tun jiya na ce masa ya bi maganarka."

"Hurairata..." na fara.

"Yi shiru, Sabitu! Ni na san zafin rashin uba. Ba zan raba wani da nasa ba, ko da sonka zai kashe ni."

Hawayenta ya ɗiga a bakin kwanon. Baffa ya daɗe yana kallonta.

"Wa ya koya miki wannan magana?"

"Iya."

Ya karɓi ruwan ya shanye tas. Tsuntsuwar ta sauko da tsaba a baki, ta bi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"Gambo," ya ce, "wa ake tambaya aurenta?"

"Uwa dai ga ni. Uba kuwa babu."

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"Ƙanina zai karɓa wa wannan shashashan ɗan nawa auren. Ita kuwa... ni zan ba da ita."