Sumba a Kan Murfin Jirgin Kifi

"Ejnar, jiya-jiya fa aka ɗaura mana aure! So kake in shiga takaba tun ban gama sanin ɗumin jikinka ba?"

Bai ɗago daga komar da yake naɗewa ba. "Solvej, Likita Heimann ne fa da iyalinsa, a hannunsa aka haife ki. Jamusawa na bin Yahudawa gida-gida. In ban tsallaka teku da su zuwa ƙasar Suwidin ba, wa zai yi?"

Mahaifiyarta Bodil na tsaye bakin murhu. Bara sojojin Jamusawa suka tafi da ɗanta, ɗan'uwan Solvej, har yau shiru.

"In ya tafi ki tattara ki dawo wurina," ta ce. "Sun ɗauke min ɗaya, ba zan ƙara musu ba."

Daren ranar Solvej ta juya wa mijinta baya. Ya kai hannu kan ƙugunta, ta ture, alhali ranta na matuƙar son ta juyo.

Da safe ta tarar ya fita. Ta ɗora ruwa ta sauke, ta zauna ta miƙe. Ta figi mayafi ta nufi bakin teku.

Daga nesa ta hango wani sojan Jamusawa yana tafe kan katakon tashar jiragen ruwa, bindiga a kafaɗa, ya nufi jirginsu. Ejnar na tsaye fuska ba jini. Da ta matso sai ta jiyo wani siririn kuka daga ramin ajiye kifi na cikin jirgin, inda aka ɓoye mutanen. Jikar likita ce, jaririya!

Ba ta san sa'ad da ta dira cikin jirgin ba.

"Maci amana!" ta ƙwala da ƙarfi, ta yi zaman dirshan kan murfin ramin tana buga shi da dunduniya. "Ka sulale ka bar ni cikin sanyi, ko sallama babu? Kifi ka aura ko ni?"

"Solvej, me ki..."

Ta cakumo rigarsa, ta haɗa bakinta da nasa. Da farko dabara ce. Amma da ta ji gishirin leɓensa, da hannunsa ya zagayo bayanta, sai ta manta da soja, ta manta da yaƙi.

Sojan ya tsaya, kunnuwansa suka yi ja don kunya. Ya yi wata 'yar dariya, ya juya ya wuce.

"Zo mu tafi tare, masoyiyata," Ejnar ya raɗa mata.

Hawaye suka zubo mata. "Mama fa? Ni kaɗai na rage mata... Tafi, kafin in kasa sakinka!"

Su Ejnar sun isa Suwidin lafiya. Amma wani ya kai tsegumi, aka shiga neman jirgin, dawowa ta gagari Ejnar. Solvej ta koma gidan mahaifiyarta, kullum tana tsaye a taga, Bodil kuwa ko sunansa ba ta ambata.

Sai da yaƙi ya ƙare, ana ta kaɗa ƙararrawar coci, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Bodil ce ta buɗe. Ga shi tsaye, ya rame, hula a hannu.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta shafa kumatunsa.

"Sannu da zuwa, ɗana."

Ta waiga ta ga 'yarta dafe da bango, ta kasa ko motsi. Sai tsohuwar ta jawo rigar sanyinta daga ƙusa.

"Zan leƙa maƙwabta," ta ce. "Kada ku jira ni, sai gobe."