Kokawar Gaggawa a Tabotaki

Cima na saukowa daga tudu da tulu a ka ranar da ta fara ganin Sha'ibu. Shi kuwa hawa yake yi a guje, samarin Tabotaki na bin sa suna haki, har da wanta Isiyaku. Ya ja ya tsaya a gabanta.

"Ko za ki sam mana ruwa?"

"Mi ya koro ku?"

"Ba komi. Kokawa muke koyo."

"Kokawa da gudu?" Ta yi dariya, ta sauke masa tulun. Har ya gama sha idonsa bai bar fuskarta ba.

A shekarar aka sallamo Sha'ibu daga aikin soja, bayan yaƙin Nasara ya ƙare. Ya dawo da wata irin koyarwa: da an buga ganga ka faɗa wa abokin karawarka, kada ka bar shi ya numfasa. Mahaifin Cima kuwa, Kalla, tsohon gwanin kokawa ne, kuma a wurinsa kokawa riƙo ce da jira, har wancan ya gaji ya ba da kansa. Duk ranar kasuwar Buza sai an yi gardamar nan. Samari su ce Sha'ibu ya kayar da mutanen Babankatami kafin makaɗa su gyara zama. Dattawa su ce wannan ai faɗan zakaru ne.

Gogo, ƙanwar Kalla mai sayar da fura, ita ke kai saƙo tsakanin Cima da Sha'ibu.

"Sojanki ya ce in gaya miki: Cimata, yau na hau tudu ban gaji ba, don na san ta nan kike saukowa."

"Ki ce masa: Sojana, ka rage gudu, ina nan ba inda za ni."

Da Sha'ibu ya aiko manya neman aure, Kalla bai ko shimfiɗa musu tabarma ba.

"Ba ni ba da ɗiyata ga mai ɓata 'ya'yan mutane," ya ce. "Ya raba ni da ɗana, yanzu kuma ɗiyar yake so."

Alƙasim na Karofane yake so ya ba, wani ƙato mai nauyin tafiya wanda ke girmama shi. Ana gab da wasan kaka tsakanin Tabotaki da Karofane, Cima ta kai wa mahaifinta fura bayan rumbuna, ta tarar yana koya wa Alƙasim wani kamu.

"Bar shi ya taho da gudunsa. Ka duƙa, ka ɗauke shi bisa kafaɗa, ka sake shi a kan gwiwarka. Ba ya sake tashi."

Ta ɗauka Sha'ibu ake shirya wa, ta aika masa ya yi hattara. Ya aiko da cewa shi ba zai shiga fili ba bana, yaransa za su shiga. Hankalinta ya kwanta.

Ranar wasa, wanda ya fito wa Alƙasim Isiyaku ne. Kalla ya miƙe tsaye daga inda yake zaune, amma bai tsayar da karawar ba. Aka buga ganga, Isiyaku ya taho kamar kibiya. Har mata da ke can baya sun ji ƙarar ƙashin.

Maɗori ya duba ƙugun, ya ce zai rayu, amma shi da noma har abada.

Gari ya juya wa Sha'ibu baya. Mata suna tofar da yawu in ya wuce, samarin da suka bi shi suka watse, 'yan mata suka sa shi a waƙar gaɗa. Kalla na zaune a ƙofar gida yana karɓar jaje, yana cewa, "Na faɗa muku ƙarshen gaggawa ke nan." Cima na jin sa daga tsakar gida, ta san abin da ta gani, ta yi shiru don uba ne.

Sha'ibu ya tare ta a hanyar rijiya, ya rame.

"Cimata, ke ma?"

"Kai ka koya masa ya ruga ido rufe," ta ce, ta wuce. Ta san rabin gaskiya ta faɗa, kuma ta ga yadda maganar ta shige shi.

Duk da haka kullum sai ya zo gidansu. Shi ke ɗaga Isiyaku, shi ke juya shi, shi ke kai shi bayan gida a goye. Kalla bai taɓa leƙa ɗakin ba. Da Alƙasim ya aiko da goron tambaya, Cima ta durƙusa gaban mahaifinta, Gogo na tsaye.

"Baba, na ga abin da ka koya masa bayan rumbuna. Ba ni zama gidan wanda ya karya ɗan'uwana. In an tambaye ni dalili, zan faɗa."

Kalla ya ce:

"To, ki je wurin sojan naki. Ku ɗauki gurgun ku tafi da shi, gidana ba ya ciyar da wanda ba ya riƙe hauya."

Isiyaku na jin komai daga ɗaki.

Aka ɗaura aure bayan sallar azahar, mutane kaɗan, babu kiɗa. Kalla ya wakilta ƙanensa, shi ya tafi gona. Aka kai amarya a ƙafa, wanta na biye a kan jaki, Sha'ibu na riƙe da shi kada ya zame.

A ƙofar ɗaki Cima ta ce a hankali, "Sojana, ka gafarta mini maganar rijiya."

"Ba ƙarya kika yi ba, Cimata. Na koya masa shiga, ban koya masa tsayawa ba."

Isiyaku ya ɗago daga tabarmar da aka kwantar da shi. "Da na ƙara sauri kaɗan, da bai samu ya duƙa ba."

Gogo ta share ido da bakin zane, ta haɗa hannun Cima da na Sha'ibu.

"Allah ya ba ku zaman lahiya da zuri'a mai jin ƙai. Allah ya sa ku fi mu tausayi."

Su uku suka ce amin.