Ranar Da Ta Ƙi Madarar 'Yarta

"Ka kwashe kayanka ka tafi da su, don Allah!"

Muryar 'yata ce ta tare ni tun daga bakin ƙofa. Dawowata ke nan daga sauke 'yan makaranta, bayana kamar an yi mini duka, kunnuwana cike da ihun yara. Direban motar makaranta ne ni, kuma duk wanda ya yi wannan aikin ya san abin da yake nema idan ya dawo gida shiru ne kawai.

A falo na same su. Ita tana tsaye ta harɗe hannuwa, idanunta jajur. Shi kuma yaron da ke neman aurenta yana zaune a bakin kujera, ya jera kwalayen madara a kan tebur kamar mai talla. A ma'aikatar ruwan famfo yake aiki, shi ya sa tun zuwansa na farko na laƙaba masa Mai Ruwa, sunan kuma ya bi shi.

"Sannu da zuwa, Baba," ya ce, ya zame ƙasa.

"Yawwa. Kanti aka buɗe mini a gida ban sani ba?"

Babu wanda ya yi dariya.

Tun bara shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da matata. Hannun dama ya tafi, ƙafa ta tafi, magana ma sai kalma ɗaya-ɗaya da ƙyar. Tauna tana yi mata wuya, yawancin abin da ke shiga cikinta mai ruwa-ruwa ne. Ga shi tun tana budurwa madarar shanu ba ta zama mata, da ta sha sai murɗar ciki. Abin da ya riƙe ta shi ne madarar waken soya da 'yarmu ke yi kullum da hannunta, yadda uwar ta koya mata tun tana ƙarama. Saboda wannan yarinyar ta ajiye aikinta na shagon magani. Saboda wannan kuma aka yi ta ɗaga ranar aurenta, har aka yi wa Mai Ruwa canjin aiki zuwa wani gari mai nisa.

"Baba, wallahi ba wani abu na ce ba," in ji shi. "Cewa na yi akwai irin waɗannan a kanti, buɗewa kawai za a yi a zuba. Kowa zai iya ba Mama."

"Kowa!" ta ce. "Wane ne kowan? Kai ne?"

"Hasken idona, saurare ni mana..."

"Kar ka kira ni haka a gaban Baba!"

Na zauna saboda ƙafafuna sun gaji da ni. Na ce ta kawo kofuna, tunda an sayo ai sai a ɗanɗana.

Ta farko ta almon ce, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa. Na kurɓa, na jira in ji wani abu, ban ji ba.

"Wannan ai ruwa ne da aka nuna wa gyaɗa daga nesa."

"Ka ji ko?" in ji 'yata. "Ba abin da za ta gina a jikin mara lafiya. Duba bayan kwalin."

Mai Ruwa ya sosa ƙeya. "Ni ma ba sonta nake ba. Bishiyar nan shan ruwa gare ta, mu da ke aikin ruwa in muka ji abin da take sha sai ranmu ya ɓaci."

"To me ya sa ka sayo?"

"Kwalinta ya fi kyau... na ce ko za ta burge ki."

Ta kau da kai, amma na ga bakinta ya motsa.

Ta shinkafa kuwa daɗi gare ta, har na ƙara. 'Yata ta janye kofin daga hannuna, ta ce zaƙi ne kawai, kuma likita ta ja kunne a kan sukarin mahaifiyarta. Ta kwakwa ƙamshi kamar a shafa a jiki, amma maiƙo ne ya fi yawa. Sai ta hatsin ot, mai ɗan kauri da santsi a baki. Nan Mai Ruwa ya samu bakin magana. Ya ce ita da ta soya ba sa cin ruwa da yawa, ba sa cin fili, ba kamar gonar shinkafa ba da ke kwana cikin ruwa tana fitar da iskar da ke ƙara ɗumama duniya. Ya yi ta bayani da hannuwa. Ni dai a ranar ɗumamar duniya ba ta dame ni ba, falona nake gani yana neman kama wuta.

"Ta ot ba laifi," in ji 'yata a gajiye, "amma wajen gina jiki ba ta kai soya ba."

"Ai ga ta soyar nan ma a kwali! Har an ƙara mata sinadarin ƙarfafa ƙashi, wanda ta gida ba ta da shi."

"Na gwada tun kafin ka yi tunaninta. Furzar da ita ta yi. Ta hannuna kawai take sha, ta hannuna! Sau nawa zan faɗa maka?"

Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Ƙarshen wata zan tafi. Ba zan matsa miki ba... amma ban san yadda zan yi rayuwa a can ba ke ba."

"To ka tafi," ta ce, hawaye na zuba. "Allah ya haɗa ka da wadda uwarta ke da lafiya."

Sai bayan ya fita na lura ƙofar ɗakin matata a buɗe take.

Washegari matata ta ƙi sha.

'Yata ta kai cokali bakinta, ta datse leɓe ta juya fuska bango. Aka ce ko ta yi zafi, aka bari ta huce. Aka markaɗa dabino aka zuba. Aka sake sabuwa. Har kwalayen Mai Ruwa aka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Ruwa kawai take karɓa, shi ma kurɓi ɗaya ko biyu.

"Mama, me na yi miki? Don Allah ko cokali ɗaya... ko don ni!"

Ko kallonta ba ta yi ba.

Kwanaki suka ja, kumatunta suka faɗa. Ni kuma ina tuƙi zuciyata tana gida, har wata rana na wuce layin da zan sauke wasu 'yan biyu sai da suka yi ta ihu. Likita ta zo ta dudduba, ta ce ba wani sabon ciwo. "Ƙi kawai take yi," in ji ta. "In bai canza ba, sai dai a kwantar da ita asibiti a zura mata roba ta hanci."

Ranar da ba makaranta, da hantsi, na leƙa falo na ga 'yata barci ya kwashe ta a zaune, kofi a cinyarta. Ta rame kamar ita ce mara lafiyar. Na zare kofin a hankali, na shiga wajen uwarta.

Ba na yawan zama a ɗakin nan. Farkon ciwon na taɓa ba ta ruwa ta ƙware, idanunta suka firfito, na ɗauka na kashe ta. Tun ranar hannuna ba ya iya riƙe mata cokali. Gaisuwa nake yi daga bakin gado, in gyara mata bargo, in gudu.

Na zauna kusa da ita.

"Fasinjata..." na ce. Haka nake kiranta, don a motar haya na fara ganinta. Kujerar gaba take zama kullum tana yi mini gyaran tuƙi. "Fasinjata, so kike ki sauka ki bar ni a hanya? Ina zan sa kaina?"

Ta juyo. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗaga hannun hagu ta dungure mini ƙirji.

"Kai."

"Ni me?"

Ta nuna hanyar kicin. "Kai."

"Haba dai! Ni da ko shayi sai na ɓata?"

Ta harare ni, irin hararar da na sani tun muna saurayi da budurwa. Na ɗauke ta na sa a keken guragu, ba ta da nauyi ko kaɗan. Na tura ta har ƙofar kicin. Ta miƙa hannu ta ɗauki cokali a kan kantar kicin.

Waken na nan a jiƙe cikin roba, ya kumbura. Na ɗauka zan juye a injin markaɗe.

Ƙwas! Ta buga cokali a ƙarfen keken.

Ta murza 'yan yatsunta a iska. Sai na gane, a murje ɓawon. Na tsuguna ina murzawa, ɓawo na tasowa saman ruwa ina tsiyayewa, gwiwoyina suna kuka. Na markaɗa. Na juye a farin ƙyalle zan matse, rabi ya tsere ta gefe ya wanke mini wando. Na ji wani sauti a bayana, na waiga a tsorace. Dariya take yi da rabin baki. Rabona da jin wannan tun bara.

Na ɗora a wuta. Ba a jima ba kumfa ta taso fuu kamar za ta zube. Na ce alhamdu lillahi ta tafasa, na rarumi tsumma zan sauke.

Ƙwas! Ƙwas! Ƙwas!

"A'a... tukuna."

"Ga shi tana tafasa!"

"Ƙarya... ce."

Ashe haka soya take. Kumfarta tana tasowa tun ba ta dahu ba, wanda bai sani ba sai ya sauke, ya sha ɗanya mai gafi ta ɓata masa ciki. Ta yi mini alama in rage wuta. Na tsaya da ludayi ina juyawa, ina juyawa, tururi na dukan fuskata, kafaɗata ta ƙage. Da na sassauta sai in ji ƙwas. A tsayen nan na tuna cewa yarinyar da ke barci a falo kullum haka take yi kafin gari ya waye, ni kuwa ina wucewa da makullin mota ina ce mata sannu da aiki.

Kumfa ta kwanta a ƙarshe, gafin ya tafi. Sai dai gindin tukunya ya ɗan kama, ƙauri ya shiga.

Na zuba a kofi na fifita. Na durƙusa a gabanta, na ɗebo cokali ɗaya, na tsaya.

"Ina tsoro, Fasinja."

Ta kama wuyan hannuna da hannunta mai lafiya, ta ja shi zuwa bakinta da kanta. Ta sunkuyar da haɓa, ta haɗiye a hankali. Na daina numfashi. Ba ta ƙware ba.

"Yaya?"

Ta yamutsa fuska. "Ba... daɗi."

Ta buɗe baki na ƙara mata.

Muna kusan ƙasan kofi na ji motsi. 'Yata ce a tsaye a bayan keken, hannu a baki.

"Mama! Tawa kika ƙi, kika sha wannan mai ƙaurin?"

Uwar ta kamo gefen rigarta ta jawo ta. Na ga yadda take kokawa da harshenta, jijiyar wuyanta ta miƙe.

"Ke... tafi."

"In tafi ina, Mama?"

"Aure." Ta nuna ni da haɓa. "Nawa... ga shi."

'Yata ta zube ta kifa kai a cinyarta, kuka take kamar ranta zai fita. "Kin kusa kashe kanki saboda ni, Mama... kin kusa kashe ni!" Uwar tana shafa mata kai da hannu ɗaya, nata hawayen yana gangarowa ta ɓarin da ba ya motsi. Ni kuma ina durƙushe da kofi, na rasa wadda zan rarrasa.

Da yamma na kira Mai Ruwa. Na ce, "Ka zo ka kwashe sauran kwalayenka, ka bar mana na soya. Kuma ka turo manyanka." Na ji wayar ta faɗi daga hannunsa.

An ɗaura aure kafin wata ya ƙare. Ranar tafiya sau uku tana shiga mota tana fitowa, wai ta manta ba ta nuna mini inda ƙyallen tata yake ba. Na san inda yake. Na ƙyale ta ta nuna mini.

Yanzu ƙanwata ke zama da matata idan na fita aiki, ita ke ba ta ta kwali da rana saboda ƙashi, tana karɓa da harara. Ta safe kuwa tawa ce. Ina tashi da ciwon baya, in kwanta da shi. Gidan ya yi mana girma. Wani lokaci ina juya tukunya sai in ga ta ƙura wa ƙofar ɗakin 'yarta ido, cokalin ya yi shiru a hannunta, ni ma sai in ce tururi ne ya shiga mini ido.

Jiya yarinyar ta kira, muryarta can nesa.

"Baba, ta sha?"

"Ta shanye tas."

"Me ta ce?"

"Ta ce ba daɗi."

Na ji ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

"To lafiyarta ƙalau," ta ce.