Maza Goma Sha Biyu A Ɗakin Haihuwa

Sarauniya Avice na zaune bakin taga tana ɗinka 'yar hular jariri, ruwan sama na tsiyaya kamar kullum, sai ga mijinta Sarki Gervase ya shigo da takarda a hannu. Ya kalli murhu, ya kalli rufi, ita kaɗai ya kasa kallo. Shekararsu tara da aure, ta san tafiyarsa in ya yi abin kunya.

"Ranka ya daɗe, lafiya? Ko naman barewar ne bai zauna maka ba?"

"Avice — majalisa ta yanke shawara. Ranar da za ki haihu, dattawa goma sha biyu za su tsaya a cikin ɗakin."

"Cikin ɗakin? Maza?"

"Tsohuwar al'ada ce, in ana shakkar magaji."

"Wa ke shakka?"

Ai duk Ingila an san wa. Tun da cikin nan ya fito bayan dogon jira, Baffa Ranulf, ƙanen marigayi sarki, wanda sarauta za ta koma gidansa in Gervase ya mutu ba ɗa, ya baza magana har kasuwar kifi. Wai matashin kai Avice ta ɗaura, wai ranar haihuwa za a shigo da jaririn wata a cikin kaskon ɗumama gado. Uwar sarki, Idonea, ta fi kowa kama zancen hannu biyu. Dama ba ta taɓa yafe wa ɗanta ba, da ya ƙi 'yar sarkin ƙetare ya auro 'yar wani mai tumaki daga arewa don kawai yana sonta.

Avice ta ce, "Kai fa ka ɗora hannunka ka ji yana motsi! Jiya-jiya ka ce ya haure ka!"

"Na sani. Amma Mama ta matsa, Baffa ya matsa —"

"Ka sa hatimi?"

"Na sa."

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Hawaye suka ɗiga kan hular, ta share, ta ci gaba da ɗinki. "Allah ya kai mu," kawai ta ce. Sarki guda ya fita sumui-sumui kamar yaron da aka kama da hannu cikin tukunyar zuma.

Naƙuda ta zo da hantsin wata Talata. Dattawan suka jeru jikin bango da rigunansu na gashi, har da bishop, babban limamin coci, kowa na gyaran murya. Baffa Ranulf da kansa ya buɗe kaskon tagulla, ya tarar da garwashi, ya ƙona yatsa, ba wanda ya yi masa sannu. Idonea ta tsaya ƙafar gado ta harɗe hannu, ta zo kama ɓarauniya. Gervase kuwa yana cikin maza yana ƙirga igiyar takalminsa.

Avice ta roƙi ungozoma abu ɗaya: a rufe mata fuska. Ta danne bakinta da zanen gado don kada su ji kukanta, sai wani ɗan nishi da ke fita can ƙasa-ƙasa. Kowane nishi sai sarki ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Can Ranulf ya ce, "A ɗaga labulen gadon nan mana! Mu da muka zo gani, ba ma ganin komai!"

Idonea ta juyo a hankali, fuskarta ta yi fari fat.

"Me ka ce, Ranulf?"

"Cewa na yi a ɗaga —"

"Haka ka ce shekara talatin da biyu da suka wuce. A ɗakin nan, da muryar nan, ina kwance a gadon nan. Har yau in na tuna sai in kasa cin abinci." Ta dubi yarinyar da ke rawar jiki ƙarƙashin mayafi. "Wayyo ni! Abin da aka yi mini, shi na ɗauko da hannuna na ɗora wa 'yar mutane."

A nan ne Gervase ya tuna shi miji ne. Ya makara, amma ya tuna.

"Ku fita! Dukanku!"

Ranulf ya yi murmushi. "To, ranka ya daɗe. Amma in mun fita, wa zai yi shaida? Ɗan kasko za a kira shi har ya mutu, kuma ba zai hau gadon ubansa ba."

Gaskiya ya faɗa, kowa ya sani. Gervase ya ce, "Ko da haka ne. Ku fita."

"Ni zan yi shaida," in ji Idonea. "Akwai wanda bai san na ƙi jinin yarinyar nan ba? In ni na ce daga jikinta ya fito, wa zai ce na yi mata kara? Kai, Ranulf?"

Ranulf ya juya ya nufi ƙofa. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye.

Kafin azahar aka ji kukan jariri. Idonea ta fito da shi ko wanka ba a yi masa ba, hannun rigarta duk jini, ta ɗora tafinta kan Littafi Mai Tsarki gaban bishop ta rantse da abin da idonta ya gani. Namiji ne.

Da ta koma ciki, ta iske ɗanta durƙushe gaban gado yana kuka, yana cewa bai cancanci a yafe masa ba. Avice ta janye mayafin daga fuskarta ta dube shi.

"Na yafe. Amma takardar nan, kada matar ɗanmu ta taɓa jin labarinta."

Ya jefa ta a murhu har da hatimin. Idonea ta tsaya nesa, kunya ta hana ta matsowa, sai Avice ta miƙo mata 'yar hular. "Mama, sa masa. Hannuna ba ƙarfi." Karo na farko ke nan da ta kira ta haka, tsohuwar ta fashe da kuka.

Haƙurin Avice ya mai da wadda ta fi ƙinta babbar mai shaidarta. Ku kuma samari, ku bi iyaye, amma in an ce ku tona asirin matanku don a rufe bakin mutane, ku ce a'a tun ranar farko. Sarki Gervase ya ce tasa a makare, kuma har ya tsufa bai ƙara iya kallon kaskon ɗumama gado ba.