Ranar da Waya Ta Haɗe Eulalia Biyu

Da magariba abin ya fara, lokacin da sanyin garinmu El Alto ke saukowa yana shiga ƙashin mutum. Basilia na juya miyar dankali, mijinta Fermín na gefen keken saƙa yana latsa waya, sai dutse ya faɗo bisa kwanon rufi. Wani ya sake faɗowa. Fermín ya leƙa waje, ko kare babu a layin.

Haka aka yi ta yi duk faɗuwar rana. Sannan 'yarsu Eulalia, wadda ke kula da odar rigunan sanyin da suke saƙawa, ta daina cin abinci. Sai ta zauna a lungu tana hararar ubanta, irin hararar wanda ya girme ka.

A asibiti aka ce gajiya ce. Basilia ta ce gajiya ba ta jifa. Ta je ta ɗauko Don Saturnino, tsohon bokan da ke duba da ganyen wani tsiro da ake kira koka.

Ya shimfiɗa mayafi, ya watsa ganye, ya tada hayaƙi. Can ya ce, "Wane ne a jikin yarinyar nan?"

Muryar da ta fito daga bakin yarinyar ta tsohuwa ce. "Tambayi wancan mai kan kabewa."

Mutum ɗaya ke kiran Fermín haka, yayarsa da ta rasu, wadda aka sa wa yarinyar sunanta. Ko ita ce, ko aljana ce ta ari bakinta, ni dai ban sani ba.

"Yaya, me muka yi miki?"

"Ina kwance lafiya, kullum sai saƙonka! Eulalia, jajayen riguna ake so. Eulalia, zare ya ƙare. Na yi maka bauta da raina, na mutu ma ba hutu? Kai ka ce ni da ita mutum ɗaya ne. To ga ni, na shigo."

Mu nan sunan uba da na uwa muke ɗauka. Marigayiya Eulalia Ticona Apaza ce, takwararta kuwa Eulalia Ticona Huanca. Shi abin imel ɗin nan na cikin wayar Fermín, da ba shi da tarbiyya, ya yar da sunan uwa, ya ga Eulalia Ticona har biyu, ya tambayi Fermín ko a haɗe su. Sarkin gaggawa ya danna to. Tun daga nan duk saƙon da ya aika wa 'yarsa adireshin matacciya yake tafiya.

"Me za a yi ki saki yarinyar?" in ji tsohon.

"A raba mu. A mayar mini da sunan uwata. Apaza ce ta haife ni, ba waya ba."

Fermín ya rubuta cikakken sunanta a waya. Waya ta haɗiye Ticona, ta nuna Eulalia Apaza.

"Yanzu kuma ubana ka cire? Shegiya ce ni?" Dutse ya dira a rufi.

Ya goge, ya sa waƙafi tsakani. Waya ta juya sunan, gaba ya koma baya. Yarinyar ta fara sanƙarewa. Fermín ya dubi Don Saturnino.

"Kada ka kalle ni, ɗana. Ganye na sani. Wannan shaiɗanin na hannunka ba nawa ba ne."

Basilia ta daka wa mijinta tsawa. "Baban Eulalia, liƙe sunayen biyu mana! Kada ka bar fili tsakani, mu ga ta inda zai raba!"

Ya rubuta TiconaApaza. Sunan ya zauna daram a waya.

Sannan muryar ta ce, "Ya yi muni. Amma iyayena duka suna nan. Ranar bikin tunawa da matattu a ajiye mini burodi mai laushi, ba irin na bara mai taurin dutse ba."

Eulalia ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce, "Mama, da sauran miya?"

Washegari da magariba rufi ya yi shiru. Wayar Fermín ta yi ƙara: an sami sunaye biyu masu kama, a haɗe su? Babban yatsansa har ya ɗaga, Basilia ta sauke masa ludayi a kai.