Motar Mani da Kakin Karimatu

Karimatu tana tsugune a tsakar gida da hantsi tana tankaɗe garin gero, sai ta ji abin da ke bayan katangarsu ya yi tari sau biyu, sannan ya kama ruri har kajin gidan suka watse. Ta saki rariya ta miƙe. Kafin ta kai bakin zaure mijinta Mani ya faɗo ciki, fuskarsa duk baƙin mai, yana dariya kamar wanda aka yi wa bushara da Aljanna.

"Kin ji ta, Karime? Ta tashi. Wallahi injin ya tashi."

"Na ji, maigida. Alhamdu lillahi. Yau masu dariya su sami wani aiki."

Mani maƙeri ne ɗan maƙeri, gidansu yana nan kusa da Ƙofar Dundaye a birnin Sakkwato. Lokacin Nasara bai fi shekara ashirin da 'yan kai da zuwa ba, motocin garin kuwa ana iya ƙirga su da yatsu. Wannan tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya ta wani Bature ce mai sayen fata, wanda Mani ya bi shekara biyu yana yi masa 'yan gyare-gyare. Da ta mutu masa, shi kuma zai koma ƙasarsu, sai ya bar wa Mani ita kyauta. Wata bakwai ke nan Mani ya yi watsi da maƙera ya tare a gindinta. Ya fasa gidajen zanzaro daga cikin bututunta, ya kori ɓeraye daga kujera, ya kankare fulogi ɗaya bayan ɗaya, ya ƙera mata ƙarfen da ya karye a ƙasa, ya yanko kirgi ya yi mata bel. 'Yan unguwa suka sa mata suna Gawar Nasara, shi kuma suka koma kiransa mai jiran gawa. Tuwon gidan ya ragu, nama ya zama labari, amma Karimatu ba ta taɓa kai ƙara gidansu ba, don tana son mutumin nan so na gaske.

Ranar nan Mani ya zagaya fili da motar har sau bakwai, ya cika mata tanki da garwar fetur, ya tafi gayyato surukinsa ya zo gobe ya gani da idonsa. Da azahar Karimatu ta leƙa ta ga abin da ya cinye mata miji. Rana ta take, warin fetur ya cika wurin. Ta bi warin da hanci har bakin tanki, ta tarar da wata 'yar huda a tsakiyar murfin, ba ta fi kafar allura ba. Ita kuwa 'yar gidan fatake ce, tun tana ƙarama ta san tandun da ke fitar da ƙamshi asara yake yi. Ta ce a ranta, wannan bawan Allah ya gyara manya ya manta ƙarami. Ta ɗauko kakin zuman da take liƙe bakin tandun man shanu da shi, ta murza a tafin hannu, ta toshe hudar, ta shafa ƙasa a kai ya saje da tsatsa. Ba ta faɗa masa ba, wai kada ya ji kunyar mace ta gano abin da ya tsere masa.

Washegari da safe Madugu Sodangi, mahaifin Karimatu, ya iso da sandarsa. Mutum ne mai jakuna arba'in da ke bin hanyar Jega, bai taɓa ɓoye cewa ya tsani mota ba. Ƙanwarsa Gwaggo Delu, wadda ta riƙe Karimatu bayan rasuwar uwarta, ta biyo shi, ga rabin unguwa a bayansu. Mani ya murza handul, ƙarfen da ake juyawa a gaban mota a tayar da ita, injin ya kama, ya hau ya ja. Bai kai tsawon jifa uku ba motar ta shaƙe, ta yi shiru a tsakiyar hanya. Ya sauko ya buɗe tanki, ya ga mai fal, ya rufe. Ya murza, ta tashi, ta ɗan taɓa, ta sake mutuwa. Haka aka yi ta yi har rana ta yi tsaka, mutane suna riƙe ciki. A ƙarshe jakunan Madugu guda shida aka ɗaura wa igiya suka jawo ta gida.

A zaure Madugu ya zauna, Mani ya durƙusa a gabansa, Karimatu tana jinsu ta bayan asabari.

"Mani, ni maƙeri na ba ɗiyata, ban ba mai gadin mushe ba. Ka ɗauki guduma ka farfashe ƙarfen ga, ka ƙera hauya da galma ka ci da iyalinka. In ka yi haka magana ta ƙare."

Mani ya sunkuyar da kai ya daɗe. Wannan shirun shi ne ya fi ƙona Karimatu a duk abin da ya biyo baya.

"Baba, a yi min haƙuri a ba ni lokaci. Jiya ta yi tahiya lahiya lau. Wani ɗan abu na ƙanƙane."

"To, ka zaɓa ke nan. Delu, shiga ki hiddo min ɗiyata." Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Ran da watan Layya yat tsaya, in wagga aba ba ta kawo kanta ƙohwar gidana da ƙahwahunta ba, gaban alƙali za mu. Na hwaɗi, ba ni sakewa."

Kwana talatin da takwas suka rage. Karimatu ta koma gidan ubanta a unguwar Hubbare, ɗakin da ta bari tana amarya. Ba ta iya cin abinci, ba ta iya saƙar faifan da ta saba. Baƙin ciki biyu suka haɗu suka danne ta: rabuwa da mijinta, da kuma tunanin cewa an ɗora ta a sikeli da tsohon ƙarfe, mijin ya tsaya yana nazari. Gwaggo Delu kuwa ba ta bar ta ta yi kukanta cikin sutura ba. Kullum ta dawo daga kasuwa da sabon labari, tana ba da shi da daɗin baki kamar mai rabon goron suna.

"Yau an ce ya kwance cikin gawar baki ɗai ya shanya bisa tabarma. Jiya ko malami ya kira anka yi mata tohi. Ke dai Allah ya cece ki, ɗiyar nan. Mi za ki yi da namijin da ƙarhe ya aure?"

"Gwaggo, mijina na."

"Na kwana nawa?"

Abin da Gwaggo ke faɗa gaskiya ne, wannan ne ma abin takaicin. Mani ya kwance kabireta ya wanke ya mayar har ya daina ƙirga. Ya sauya waya, ya busa bututun mai da bakinsa har leɓɓansa suka sale. Duk sanda ya buɗe tanki ya duba ya rufe, sai ta tashi ta ba shi rai, ta bari sai ya fara murmushi ta mutu. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Ana saura kwana uku Gwaggo ta shigo, wannan karon ko ita muryarta ta yi sanyi. Ta ce handul ya dawo baya ya doki Mani ya karya masa tsintsiyar hannun dama, maɗori ya ɗaure shi da karare. Karimatu ta shiga ɗaki ta kifa kai a kan gado. Ta san babu mai murza handul da karyayyen hannu, kuma duk unguwar babu mai yarda ya taɓa Gawar Nasara. Daga ranar ta daina roƙon Allah ya tashi motar, ta koma roƙon ya ba ta ƙarfin tsayuwa gaban alƙali.

Ranar ƙarshe da la'asar, ranar da ake sa ran ganin wata, Madugu ya zauna bakin turakarsa ya ce ta zuba masa ruwan alwala. Ta ɗauko shantalin ƙasa, mai faɗin baki a sama da ɗan bututu a gefe. Hankalinta ba ya jikinta, ta dafe bakin shantalin da tafin hannu ta karkata. Ruwa ya zubo kaɗan, ya koma ɗigo, ya tsaya.

"Ɗaga hannunki, ɗiya. Kin toshe mai numhwashi. Abin da bai shaƙi iska ba ai ba shi ba da ruwa, ko cike yake."

Ta ɗaga hannu, ruwa ya kwararo. Ta mayar, ya tsaya. Ta sake ɗagawa. Sai shantalin ya suɓuce ya fashe a ƙasa, ita kuma ta durƙusa a gaban ubanta. Tana iya yin shiru a nan, babu mahalukin da zai taɓa sani. Ta tuna dariyar da aka yi wa Mani a kan hanya, ta tuna hannunsa.

"Baba, ni ta. Ni nak kashe motar."

Ta faɗa masa komai, hudar da kakin da ƙasar da ta shafa. Gwaggo Delu ta taso tana cewa a rufa wannan magana, ai sai garin ya mai da su abin waƙa. Madugu bai kula ta ba. Ya dubi fasasshen shantalin. Mutum ne mai taurin kai, amma shekara talatin yana shugabantar ayari, ya san hukuncin wanda ya ɗora wa jakin wani laifin nasa.

"Ashe daga gidana cutar tat tahi, ni kuma nab bi yaron da sanda." Ya yi sallarsa a gaggauce, ya ce, "Ɗauko mayahinki. Delu, ba ni basillar ɗinkin buhu."

Tun kafin su isa gidan Mani suka jiyo ƙarar fashewar gilashi. Suka tarar da Mani tsaye gaban motar, hannun dama a rataye a wuya, guduma a hagu, fitila ɗaya ta riga ta tarwatse. Da ya gan su sai ya saki gudumar ya durƙusa, hawaye suna bin baƙin man fuskarsa.

"Baba, na makara, na sani. Tun ran nan ya kamata in hwasa ta. Ku bar min Karime, in ya so in ƙera hauya da hannun hagu har in mutu."

Karimatu ta ji wani abu da ya tokare mata ƙirji kwana talatin da takwas ya sauka. Ta karɓi basilla daga hannun ubanta, ta je bakin tanki, ta soka a tsakiyar murfin. Ɗan dunƙulen kaki ya fito, bai kai ƙwayar gero uku ba. Ta ɗora a tafin hannu ta durƙusa gaban mijinta, ta gaya masa abin da ta yi, kanta a ƙasa.

Mani ya kalli kakin, ya kalli hannunsa da ke cikin karare. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutum wahalarsa duka ga ta nan a tafin hannun matarsa.

"Don mi ba ki hwaɗa min ba?"

"Don kak ka ji kunya, maigida."

Ya yi wata 'yar dariya mai ɗaci, sannan ya share fuska da gefen riga. "Ni ma da na tambaye ki sau ɗai, da mun huta. Wata bakwai ban taɓa ce maki zo ki gani ba. Tashi, ya wuce."

Saura murza handul, ga rana tana shirin faɗuwa. Mani ya kai hannun hagu, Madugu ya ture shi.

"Hau ka kama linzaminta. Nuna min inda aka riƙewa."

"Baba, tana harbi. Kak ku zagaya babban yatsa, ku ja sama kawai."

"Yaro, jaki arba'in gare ni. Harbi za ka koya min?"

Tsohon ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya fizga. Shiru. Ya sake, ta yi tari. A na uku injin ya kama. Suka tsaya su uku suna jiran ya mutu kamar yadda ya saba. Aka yi tsawon karatun Fatiha, aka yi na Yasin, yana nan yana bugawa. Madugu ya ɗaga Karimatu ya sa ta a baya, shi ya zauna gefen direba ya ƙanƙame sandarsa da hannu biyu, yana salati a duk rami. Mani ya tuƙa da hannu ɗaya, a hankali, ta cikin mutanen da suka fito duban wata, har ƙofar gidan da ke unguwar Hubbare. Ana kiran magariba ya kashe ta da kansa.

Hannun Mani bai koma daidai ba, ya warke a karkace, bai sake ɗaga babbar guduma ba. Motar kuwa ta yi shekaru tana jigilar fata da gero tsakanin birni da ƙauyuka, da idonta ɗaya, don ya ƙi sa mata wata fitilar. Haƙurin Karimatu ya dawo mata da aurenta, amma haƙurin bai isa shi kaɗai ba sai da ta haɗa da gaskiyar da ta fi ƙarfin bakinta. Alherin da aka yi wa miji ko mata a ɓoye, ba shawara, yakan zama cuta, kuma iyayen da suka yi saurin yanke hukunci su fara duba nasu gidan. Kakin nan Karimatu ta ƙulle shi a tsumma ta ajiye a ƙasan adudunta. Duk 'yar da za ta aurar sai ta kwance ta nuna mata, ta ce, "Wannan ya karya hannun babanku. In kin ga huda a gidan mijinki, ki tambaya kahin ki toshe."