Mai Jego a Kan Dutsen Ƙanƙara

"Alhaji Nuru, ba gaisuwa ce ta kawo ni Birmingham ba. Ƙara na kawo!"

Tun daga bakin ƙofar falonsa a unguwar Handsworth na faɗa, ko mayafina ban gyara ba. Shi ne kawun Falalu, shi ya karɓa masa auren autata Shifa, don haka shi zai ji.

"Hajiya Asama'u, ki zauna mana, ki sha ruwa..."

"Ruwa ba zai wuce mini ba! Ɗanku ya ɗauki 'yata da ɗanyen jego ya kai ta kan ƙanƙara!"

Falalu na durƙushe gefen kujera, kansa a ƙasa. Shifa na rakuɓe jikin bango. Tun da na kai ƙara a waya Alhaji ya ce daga filin jirgi su wuto gidansa.

Ni ban yi boko ba, amma jego na san shi. Shi ya baro da ni Kano zuwa Levenshulme, inda su Shifa ke zaune, akwatina cike da busasshen ganyen darbejiya da kanwa da yaji. Allah ya ba Shifa namiji, bai kai ranar suna ba ya koma. To, don ɗa ya koma ba a fasa wanka, jiki dai ɗanye ne. Safe da yamma ina tafasa ruwa a ketil ina juyewa a baho, ina gasa ta. Ita kuwa sai ta zauna kamar an dasa ta. Ba magana, ba kuka, kunun ma sai na yi da gaske.

Rannan Falalu ya durƙusa ya ce, "Umma, zan fita da ita weekend ta sha iska."

"Ina?"

"Ba nisa, Umma."

Na haɗa mata kunun kanwa, na sa mata safa a kan safa, na ce kada ta bari iska ta doke ta. Washegari sai ga Latifa maƙwabciyarmu da waya a hannu, bakinta har kunne.

"Umma, kin ga 'yarki a Suwizalan?"

Na duba. Wani ɗan jirgi ne kamar a-daidaita-sahu da fiffike, ya sauka a kan dutse fari fat, ƙanƙara iya ganinka. Ga Shifata tsaye a kai! Ni da na hana ta taɓa ruwan famfo! Ban tsaya jin me suke cewa ba, na ture wayar.

Duk wannan na zayyane wa Alhaji Nuru. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, na ajiye kunyar surukuta na dubi Falalu ido cikin ido.

"Kai! Suwizalan ce ba nisa?"

"Umma, ki yi haƙuri. Na san in na faɗa ba za ki bari ba."

"Da ka san ba zan bari ba, sai ka yi mini ƙarya? In sanyi ya shige ta, ƙafa ta kumbura, baya ya riƙe, haihuwa ta gagara nan gaba, kai za ka ɗauka?"

"Likitarta ce, GP, ta ce a fita da ita daga gida..."

"Ji-Pi ta taɓa jego?"

"'Ya'yanta uku, Umma."

"To ta ji kunya!"

Alhaji ya yi tari yana ɓoye baki. Na ga abin na neman zama wasa, sai na fito da abin da ya kawo ni.

"Alhaji, a ba ni 'yata in koma da ita Kano. Wanda zai kai mai jego kan ƙanƙara bai san darajarta ba. Takardarta ya biyo mu da ita."

Falalu ya ɗago a firgice, idanunsa jajir.

"Umma, don Allah! Ki dake ni, ki zage ni, amma kada ki raba ni da ita. Shifa ce numfashina..."

"Numfashin naka ka kai firiza?"

"Ni na ce ya kai ni."

Duk muka juya. Shifa ce. Rabona da jin muryarta a sake haka tun asibiti.

"Ke rufe mini baki!"

"Umma, ki bar ni in faɗa... Tun ina da ciki muke kallon wurin a talabijin, yana cewa in na haihu zai kai mu mu uku. A flat ɗin nan duk inda na juya ɗan gadonsa nake gani. Kowa ya shigo sai ya ce haƙuri, haƙuri, har na rasa inda zan yi kukan." Ta share ido. "Da jirgin ya tashi yana rawa na riƙe Falalu, na ce mun mutu. Muka bi ta tsakanin duwatsu, ƙanƙarar a ƙasa ta tsattsage, cikinta shuɗi. Da muka sauka matuƙin ya kashe inji. Umma, shiru! Ko tsuntsu babu. Sai na kira sunan da muka so sa masa. Na ce Umair! Da ƙarfi na kira shi. A nan kukan ya zo. Falalu ya riƙe ni yana cewa, yi kukanki, masoyiyata, ba mai ce miki haƙuri a nan."



Alhaji ya miƙo wayarsa. "Hajiya, kin gani, amma ba ki saurara ba."

Hoton nan ne dai. Falalu ya taka gefe, ƙafarsa ta nutse har cinya, ya kife yana salati. Sai dariya ta tashi. Dariyar Shifa, mai shiƙewar nan da take yi tun tana goye a bayana. Na zaci da yaron aka binne ta.

Na miƙa masa wayarsa.

"Takardar... a bar ta," na ce. "Amma ba a yi mini ƙarya a sha lafiya. Wankan da na yi a baya ƙanƙara ta cinye shi, daga farko za a sake. Kuma ni na gama ɗaukar ketil. Shi zai tafasa, shi zai juye, safe da yamma, har a yi arba'in!"

"Na yarda, Umma! Wallahi na yarda!"

"Kai aka tambaya?"

Yau da safe, kafin Falalu ya tafi aiki, ina daga kicin na ji ya ƙwalla ƙara, tururi ya lashe masa hannu. Daga banɗaki Shifa ta fashe da dariyar nan tana cewa, "Sannu, angon jego!"

Na leƙa na ce ruwan bai yi zafi ba, ya sake ɗorawa. Ban yafe ba tukuna. Sai an yi arba'in.